Yaron da Ya Ƙi Dukan Ƙwallo

Idu, Abuja
Ranar Lahadi

Zuwa ga baiwata Ikilima, mai yi wa lemo allura,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ubangidanki, ɗan kawunki Sadisu. Ya karatun aikin jinya, ya zafin Gombe, ya marasa lafiyan da Allah ya jarrabta da faɗawa hannunki? Ni lafiyata ƙalau, in ban da bayana da katan-katan na sito suka mayar kamar na tsoho.

Kin ga na bi dokarki. Tun ranar da na kwaikwayi muryar Goggo Azumi na ce miki akuyarki ta haifi biyar, kika raba alawa a makaranta, kika rantse ba ki ƙara sauraron muryata a waya, sai rubutu. To ga rubutu. Da ajamina na yi a bayan kwali na ɗauki hoto. In kin ga baƙi ya karkace, gwiwata ce teburin.

Angonki, Kaka Hammawa, ban samu leƙa shi a Paikon Kore ba tun da aka sallamo shi daga asibiti, amma Goggo ta ce da sauƙi. Ɓarin damansa da ya shanye ne dai bai dawo ba. Ki kwantar da hankalinki, tsohon nan ba inda za shi, bai gama zagina ba.

Albishirinki kuma: oga ya ce bayan salla zai sa a koya mini tuƙin motar ɗaga kaya. Daga nan na daina ɗauka da kai. Ki fara koyon ce mini ranka ya daɗe.

Yanzu ga abin da ya sa na ɓata tawada. Akwai Meshach, mai gadin ƙofarmu, mutumin Pankshin, a Hausarsa kowa "shi" ne har uwarsa. A wayarsa ya tara wani katun na 'yan Japan, kashi-kashi. In an tashi cin abincin rana sai mu raɓe a ɗakin gadi mu kalla. Da farko na ce haba oga, da gemunka kake kallon zane? Yanzu ni ke roƙonsa. Da yarensu suke magana, Turanci na gudu a ƙasa, Meshach kuma in ya fassara layi ɗaya sai ya manta da ni. Don haka ni da ido nake karanta nawa.

Labarin 'yan sakandare ne masu wani wasa, wai besbol. Bari in koya miki tunda bokonki bai kai nan ba. Fili ne mai kusurwa huɗu, an ajiye farin filo a kowace. Wani ya jefo ƙwallo ƙarama kamar goruba, wani ya make ta da taɓarya, ya yar da taɓaryar ya ruga, yana taka filo bayan filo har ya dawo inda ya tashi. Wai nan ne gida. Wato duk wahalar nan don mutum ya dawo inda yake. In aka cafe ƙwallon, ko ta riga ka isa filo, ka fita, sai benci.

Sunayensu sun ƙi zama a bakina, na raɗa musu nawa. Akwai Dogo, mai jifa, ƙarfi kamar na sa amma ba saiti. Akwai Malam Tsugune, shi aikinsa tsuguno a bayan mai taɓarya, ya rufe fuska da waya kamar ɗan maraƙin da ake hana shan nono. Akwai kocinsu, Oga Murtuk, wanda tun da aka fara bai nuna haƙori ba.

Abin da ya burge ni, yaran nan kafin su shiga fili sai sun rusuna sun gaishe shi, in sun gama su share shi da hannunsu. Ga cin shinkafa, kwano a kan kwano, na ga 'yan'uwana. Abin da ya ba ni haushi, jifa ɗaya sai ta cinye kashi guda. Ƙwallo na sama, Dogo ya tuna kakarsa, mai taɓarya ya tuna ranar da aka yaye shi, gumi ya ɗiga a hankali, mu kuma a kaɗa mana ƙararrawar komawa aiki.

Amma wanda ya fi ci mini rai wani siririn yaro ne, Mai Tabarau. Ya fi kowa zuwa atisaye, tafin hannunsa duk kanta. Aka zo babban wasa, juyinsa ya zo, iyayensa na kallo. Maimakon ya zage ya maka, sai ya gicciye taɓaryar a gabansa kamar mai tare akuya a ƙofa. Ƙwallon ta ɗan taɓa ta gangara nan gaban ƙafarsa. Nan take aka fitar da shi. Kuma ya koma benci yana murmushi, ana dafa masa kafaɗa! Ikilima, ni ban ga kirki a nan ba. Mutum ya sha wahala shekara da shekaru, dama ta zo hannunsa, ya ajiye ta da kansa ya koma ya zauna don a ce masa yaron kirki? Wannan tsoro ne aka sa wa riga. Da ƙanena ne da ya sha mari.

Hukuncina: shanu bakwai cikin goma. Mai Tabarau ya cinye ukun.

Ki gaida lemukan.

Ubangidanki,
Sadisu


Gombe
Ranar Laraba

Sadisu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, alhamdu lillahi.

Wato Goggo Azumi ta gaya maka. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa sai na iso, amma ba komai. Abin da ban zata ba shi ne ka zauna ka ƙirƙiro mini yaro mai tabarau, alhali duk danginmu ni kaɗai ke sa tabarau, don ka kira ni matsoraciya. Da ka fito fili ka faɗa da ya fi mini.

Eh, gaskiya ne. Zan bar makaranta. Ƙarshen watan nan za a rufe rajistar jarrabawar shekarar ƙarshe, ni kuma ba zan yi ba. Na tambaya ko za su ajiye mini gurbina, sun ce wanda ya tafi ya tafi. Na ji, na kuma yarda.

"Da sauƙi" da Goggo ta ce maka irin ta gaisuwa ce. Kaka ba ya cin abinci. Hannun damansa ya fara dunƙulewa. Ƙwallon roba da asibiti suka ba shi ya riƙa matsawa, ya tura ta ƙarƙashin gado. Goggo ƙanwarsa ce, ita ma tsohuwa ce, ba ta iya ɗaga shi. Babanka da su Kawu sun yi kudu da shanu, ba za su dawo ba sai ruwa ya sauka. Innata na goyon jariri a Lafiya. To wa ya rage?

Ni 'yar fari ce, tun yaye aka miƙa ni hannunsa. A kafaɗarsa na fara ganin Gwagwalada. Shi ya tsaya ya ce sai na yi boko lokacin da kowa ke cewa a'a. Yanzu ina nan ina juya iyayen wasu a kan gado, ina goge musu baki, nawa yana can yana kallon bango. Kai ka kira shi tsoro. Ni ban san sunansa ba, amma ba na iya barci.

Wasan taubasai yana da iyaka. Ka ci gaba da kallon katun ɗinka, Allah ya sa ka samu motar.

Ikilima


Paikon Kore
Ranar Asabar

Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, in ma kina buɗe hotunan nan.

Wallahi, da Alƙur'anin da na haddace rabinsa, ban sani ba. Goggo ba ta ce mini komai ba. Yaron nan yana nan a cikin katun, ba ni na zana masa tabarau ba. Na san rantsuwata ba ta da kasuwa a wajenki, ni na jawo, amma wannan karon ki saya.

Ina gama karanta saƙonki na roƙi hutu na hau mota. Ga abin da na tarar, ba ƙari ba ragi. Ya rame. Yana kwance ya ba ƙofa baya. Sandarsa ta kiwo tana rataye a bango ta yi ƙura. Na yi sallama na ce, "Tsoho, na zo gadon matarka, tunda an ce ka gaza." Kin san da can kafin in rufe baki takalmi ya same ni. Bai ko juyo ba.

Amma na gano abin da ku biyu, ke da Goggo, ba ku gano ba, don ku mata ne ba zai faɗa muku ba. Ba ƙin abinci yake yi ba. Bayan gida yake gudu. In ya ci, dole a ɗaga shi a kai shi, a tsaya a kansa, a wanke shi, kuma ƙanwarsa ce za ta yi. Mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gaban surukai ba! Ya gwammace yunwa. Da Goggo ta fita kai nono, na ce masa a kunne, "Tashi mu je, daga ni sai kai, kuma ni makaho ne yau." Ya juyo ya kalle ni. Sannan ya miƙo hannun hagu. Na goya shi. Bai kai nauyin katan ɗin sabulu ba.

Da muka dawo ya sha fura rabin ƙwarya.

Ki yi tunani a kan wannan. In kin zo da karatunki duka, ke amaryarsa, jikar da ya goya, kina ganin zai yarda ki kai shi? Sai dai ku zauna ku biyu kuna kallon bango.

Meshach ya turo mini katun ɗin a wayata kafin in taho. Na kunna don kaina, na ga tsoho yana leƙe ta wutsiyar ido.

Ki amsa ko da zagi ne.

Sadisu


Paikon Kore
Ranar Juma'a

Zuwa ga baiwata mai fushi,

Assalamu alaikum. Shirunki ya iso lafiya, na karanta shi tsaf. Mu nan lafiya. Angonki yana cin tuwo. Maganarsa na fita a karkace amma zagin yana isowa daidai.

Na zo in janye hukuncin da na yanke wa Mai Tabarau, kuma ba don in lallashe ki ba. Kaka ne ya kunyata ni.

Yanzu kullum bayan la'asar sai in jingina shi da bango mu kalli kashi ɗaya. Ya ce Dogo bai iya tsayuwa ba, Oga Murtuk kuma ciwon basir ke damunsa. Shekaranjiya muka zo wurin da na ba ki labari. Na ce, "Tsoho, kalli wawan nan, yanzu zai zubar da damarsa." Yaro ya gicciye taɓarya, aka fitar da shi, na yi tsaki. Sai Kaka ya ɗaga hannun hagu ya dangwala yatsa a gilashin waya, can gefe, ba kan Mai Tabarau ba. Ya ce, "Wancan. Mai da baya."

Na mayar. Ashe akwai wani yaro da ya riga ya taka filon farko yana jira. Lokacin da kowa ya rugo kan ƙwallon da ta gangara, ana ta fama a fitar da Mai Tabarau, shi wancan ya sulale ya kai filo na biyu. Na gaba ya zo ya maka, wancan ya zagayo ya shigo gida. Da wannan suka ci wasan. Ni sau nawa na kalla ban gani ba. Kaka ya ce, "Kai mai sanda kake kallo. Ba ka kallon garke. Shi ya sa babanka bai tafi da kai ba."

Na kira Meshach. Ya yi ta dariya, ya ce, "Haba Sadisu! Ai shi ne aikin shi. Shi yana fita ne don ɗan'uwan shi ya ci gaba. Ni na ɗauka ka sani tun tuni." Na ce da ka fassara mini ai da ban rasa taubashiya ba.

To kada ki yi saurin cewa ai ke ce Mai Tabarau, kin ci gardama. A'a. Na kalli wurin nan har cajina ya ƙare. Ba a taɓa kiran wanda ya riga ya taka filo a ce ya dawo ya fita. In ya juyo da gudu zuwa baya, an yi asarar mutum biyu ke nan. Ke kin yi nisa, gida kawai ya rage miki. Wanda ke tsaye a bakin ƙofa da sanda a hannu, bai taka ko'ina ba tukuna, shi ke gicciyewa. Ki duba danginmu ki gaya mini wane ne wannan.

Na koma Idu jiya na kwaso tabarmata da bokitina. Na gaya wa oga. Ya ce motar ba za ta jira ni ba, wani abokin aikinmu mai suna Friday zai ba. Na ce Allah ya sa Friday kada ya ɗaga ofishin oga da ita. Ba zan yi miki ƙarya ba, da na fito ƙofa na waiwayi motar nan, rawaya, tana ta ɗaga kaya kamar ba nauyi, sai da na tsaya na ƙare mata kallo. Meshach ya raka ni har titi, ya ce "ka gaishe da Baba."

Ranar kasuwa zan riƙa dako a Gwagwalada, sauran ranaku ina nan. Ki yi rajistarki.

Mai Tabarau na Paikon Kore, wanda ba shi da tabarau,
Sadisu


Gombe
Ranar Litinin

Sadisu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ka gaida Goggo, ka gaida Kaka.

Ban yarda da kai ba sai da na kira Goggo, na kuma sa ta faɗi sunan da take kirana da shi ina ƙarama don in tabbatar ba kai ba ne a wayar. Ta ce ka yi masa aski, ka wanke shi, ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Ta ce kai ke kwana a bakin ƙofarsa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Maganar bayan gida kuma, ni da nake karanta wannan aikin ban kawo ta a raina ba. Ka yafe mini zargin da na yi maka.

Amma wa ya aike ka ka bar aikinka? Ka tambaye ni? Yanzu ka ɗora mini wani nauyin a kan wanda nake ɗauke da shi.

Kuma ka saurara da kyau, nan ba wasa. Ciyarwa da wanka rabin aikin ne. Hannun nan in bai fara motsi a watannin nan na farko ba, zai ƙage, ba ya ƙara buɗewa. Kullum sai an miƙe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, sai kuma shi da kansa ya yi ƙoƙarin kamawa da saki. Goggo ta ce ko ƙwallon robar ka ɗauko sai ya rufe ido. Ni na san yadda ake lallaɓa mara lafiya. Kai tsokana ka iya, tsokana kuwa ba ta buɗe hannu.

Jakata a ɗaure take. Ban yi rajista ba, ban kuma janye ba. In kafin a rufe na ga hannun daman Kaka ya kama wani abu ya saki da kansa, zan zauna. In ban gani ba ina tafe, ko me za ka rubuto. Kuma da idona zan gani, ba a bayan kwali ba.

Ka riƙa juya shi in ya daɗe a kwance. A rage masa gishiri ko ya yi faɗa.

Ikilima


Paikon Kore
Ranar Lahadi da yamma

Zuwa ga baiwata, likitar da ta ce tsokana ba magani ba ce,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Kowa a nan lafiya, ban da hancina. Ki fara kallon bidiyon da na turo kafin ki karanta. Kin kalla? To sake kalla. Yanzu zauna in ba ki labari.

Na gwada lallashi kamar yadda kika ce. Na ce Kaka don Allah, Kaka don Annabi. Ya ce ƙwallon roba ta yara ce, shi ba yaro ba ne. Yatsun dai yana bari in miƙe masa, yana kallon rufi kamar hannun na maƙwabci ne. Sai na koma sana'ata.

Na lura tun da ya fara cin abinci jifarsa ta dawo, amma da hagu. Takalmi, ludayi, murfin kwano, duk na sha. Sai na kwashe komai daga gefen hagunsa. In za mu kalli katun, na daina riƙe masa waya, na ce hannuna ya gaji, in yana so ya riƙe da kansa. Hagu ta samu aiki ke nan. A tafin daman kuma na ajiye masa goruba, na ce ajiya ce, kada ya cinye.

Ranar Laraba, daidai Dogo ya ɗaga ƙafa zai yi jifar da ake jira, na tashi na sauko da sandarsa daga bango. Kin san ba mai taɓa ta. Na tsaya a gabansa na gicciye ta irin na Mai Tabarau. Na ce, "Tsoho, wani dattijo ya ba ni labari a kasuwa. Ya ce ranar sharonka, bulala ɗaya aka yi maka ka zura da gudu, har hularka ka bari a fili."

Ikilima, idonsa ya yi ja. Ya kalli waya a hagu, Dogo bai saki ƙwallo ba, ba zai iya ajiyewa ba. Ya kalle ni. Na ƙara da cewa, "Wai 'yan mata ne suka kai wa babarka hular." Sai na ga yatsun nan suna rarrafe a kan gorubar kamar ƙaguwa. Suka kama. Hannun ya ɗaga kaɗan, yana rawa. Gorubar ta faɗi a kan gwiwarsa. Goggo ta saki tsintsiya ta toshe baki. Ni kuwa na ce, "Wannan ce jifar? Ashe da gaskiyar dattijon." Na fita bayan ɗaki na share idona, na dawo na mayar masa da gorubar.

Washegari ta kai bakin tabarma. Yanzu shi ke cewa a kawo masa ita. Ni nake zama Malam Tsugune, in tsuguna kusa da shi da kwandon tace taliya a fuska.

Yau Meshach ya zo daga coci kai tsaye, da kunun gyaɗa da matarsa ta dama, da kashin ƙarshe a wayarsa. Shi ya ɗauki bidiyon. Muryar da kike ji tana ihu "Baba, sake ba shi!" tasa ce. Na cire kwandon ne don in share gumi, tsoho ya ga dama. Kin ga inda ta same ni. Kin kuma ji dariyarsa, rabin baki, amma tasa ce.

Ga ƙarshen katun ɗin, tunda na fara sai in ƙarasa miki. Ba su ci kofin ba. An cinye su a wasan ƙarshe da tazara ɗaya. Na tashi zan yi faɗa, wane irin labari ne wannan? Yaran suka durƙusa suna kuka suna ɗibar ƙasar filin suna zubawa a jaka. Oga Murtuk ya cire hula ya rusuna musu, shi da bai taɓa ba. Sai aka nuna washegari da sassafe, ƙananan cikinsu sun fito suna share fili, Mai Tabarau na nuna wa wani sabon yaro yadda ake riƙe taɓarya. Kaka ya ce, "Haka ne. Shekarar da shanu suka mutu ma ai an wayi gari." Meshach ya ce wani abu ya faɗa masa a ido.

Sabon hukunci: shanu tara. Na riƙe ɗaya saboda jifar da ke cinye kashi guda, wannan ba zan yafe ba.

Saƙo daga angonki, da bakinsa: in kika dawo gidan nan ba takardar gamawa a hannunki, ya sake ki, saki uku, ya auri matar da ke sayar da awara.

Ubangidanki mai kumburarren hanci,
Sadisu


Gombe
Ranar Alhamis

Zuwa ga bawana Sadisu, Malam Tsugune,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ka gaida Goggo. Ka gaida Meshach da mai ɗakinsa, ka ce na gode da kunu. Ka gaya wa angona mai awara ta nemi wani.

Na kalli bidiyon har 'yan ɗakinmu suka haddace shi. Na nuna wa malamarmu, ta ce a ci gaba, a riƙa canza masa abin jifa, wani lokaci ƙarami wani lokaci babba. Ta tambaye ni sunan wannan dabarar, na ce ba ta cikin littafi, a gidanmu ake haifar masu ita.

Na yi rajista jiya. Na kwance jakata.

Na nemo katun ɗinka na kalli kaɗan, ni da nake iya karanta abin da ke gudu a ƙasa. Rabin abin da ka ce suna faɗa ba shi suke faɗa ba, kuma Dogo ba kakarsa yake tunawa ba, karensa ne. Amma akwai abin da kai da Meshach da Kaka ba wanda ya lura da shi. Wanda ya gicciye sanda aka fitar da shi, ba korarsa aka yi daga wasan ba. Layi ne, yana zagayowa. Zai zauna a benci, 'yan'uwansa su yi nasu, sannan a sake kiran sunansa ya ɗauki taɓarya.

Don haka ka ji. Ina gamawa zan nemi aiki a Gwagwalada, su Kawu ma sun dawo kafin nan. Ranar da na ajiye jakata a gidan nan, kai za ka ɗauki tabarmarka da bokitinka ka koma Idu, ko wani wurin da ke da mota rawaya. A ranar ba na son ganin ka gicciye komai. Ka zage ka maka.

Hancin kuma ka sa tsumma da ruwan sanyi. Kuma ka daina sa kwandon nan. So nake Kaka ya samu saiti kafin in zo.

Uwar ɗakinka,
Ikilima